Gulbinmu da Rairayi: Jawabin da Aka Karanta a Taron Ƙungiya

Yau maganarmu a kan Gulbin Maraɗi take.

Kun san hanyarsa. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar, ya bi ta Madarunfa, da Maraɗi, da Tsibiri, da Gidan Runji, sa'annan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. A da, in ya kawo, sai ya malale fadama, ya kwana biyu, ya janye, ya bar mana laka mai taki. A 1945 ƙarfinsa ya kai har ya ci tsohon garin Maraɗi, aka tashi aka koma tudu. Yanzu fa? Ya zo da gaggawa, ya wuce da gaggawa, abin da zai bari rairayi ne.

Me ya kawo haka? Dalilai uku ne.

Na fari, ruwan sama. Ba wanda ya manta da farin 1973 da na 1984. A 1985 kogin Isa da kansa ya tsaya a Yamai. Itatuwa suka mutu, ciyawa ta ƙare. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, amma ba irin na da ba: sai a yi kwanaki ba ɗigo, rana ɗaya kuma a kwarara. Damanar 2024 ta nuna mana, gidaje nawa suka faɗi a jihar Maraɗi.

Na biyu, hannunmu. Mun yi yawa, gonaki ba sa hutawa, mun sare icce, mun kwashe kara ƙaf mun kai gida. Ƙasar da ba ta da sutura, in ruwa ya buge ta, sai fuskarta ta daskare, ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga, gudu yake yi, yana yankar ƙorama, yana ɗaukar rairayin jigawa ya zuba a fadama da cikin gulbi. Shi ya sa masana suka tarar da abin mamaki a ƙasashen Sahel: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu bisa ƙasa ya ƙaru. Ko ambaliyar Yamai ta 2012 da ta 2020, jan ruwan koguna irin su Sirba da Gorwal na da hannu a ciki. Gulbin da cikinsa ya cika da rairayi kuwa, dole ya ci gaɓa ya nemi wata hanya.

Na uku, madatsar ruwa ta Jibiya da aka gina wajen 1990. Ruwan da aka tare a can ba ya iso mana a kan kari, kuma rijiyoyin garka da gulbi ke shayarwa suna ƙara zurfi. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka haɗa. Wannan maganar hukuma ce, za mu riƙa tuna mata cikin ladabi.

Ruwan sama na Allah ne, madatsa ta gwamnati ce, amma jigawa tamu ce. Don haka ga abin da muke roƙo:

1. Kowa ya yi sassaben zamani. In kun tarar da tohon gawo ko kalgo, ku gyara shi, kada ku tumɓuke. A ƙasarmu ta Maraɗi aka fara wannan dabara a shekarun 1980, ga shi har wasu ƙasashe sun ɗauka.

2. A bar wani kaso na kara a gona.

3. Mu yi gayya kafin damana, mu haƙa ramun rabin wata a faƙo, mu datse kan ƙoramu tun suna ƙanana.

4. A daina noma har bakin gaɓa, a bar ciyawa da itatuwa su riƙe ta.

Ku ƴan ci-rani, wanda ba zai samu zuwa gayya ba, ya aiko da gudummawar kayan aiki ta hannun ma'aji. Ku dattawa, ku kuka san inda gulbi ya bi a da, ku nuna wa yara, ku kuma sasanta masu gonakin bakin ƙorama, don ruwan gonar tudu shi ke binne ta gangare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Wassalamu.