HOTON CIKI TUN YANA ƘARAMI: JAWABI GA IYAYE MAZA DA MATA NA SUNKANI



Shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, ungozomai da ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode da kuka bar gonakinku da rumfunanku kuka amsa kiran ƙungiya. Mu 'yan kwamitin lafiya aka ɗora wa nauyin yin bayani yau a kan hoton ciki, wanda a asibiti ake ce wa sikanin, musamman wanda ake yi a watannin farko. Muna roƙon maza su kasa kunne sosai, domin a yawancin gidajenmu izinin fita da kuɗin mota a hannunsu suke.

Dalilin kawo wannan magana shi ne rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan rashi a duniya. Ba mamaki da iyayenmu suke cewa mai ciki kabarinta a buɗe yake. To amma da yawa daga cikin abubuwan da ke kai mata ga halaka suna nuna alama tun da wuri, in aka duba.

Bari mu fara da na'urar kanta. Duk wanda ya taɓa yin kira a gindin duwatsun da ke kewaye da Jalingo ya ji muryarsa ta dawo masa. Da amsa-kuwwa irin wannan na'urar take aiki. Tana aika sauti siriri ƙwarai wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, sautin ya bugi ƙashi da tsoka da ruwa ya dawo, ita kuma ta mayar da shi hoto a allo. Jemage ma da irin wannan dabara yake yawo cikin duhu ba ya karo da bango. Wani likitan mata mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, shi da abokan aikinsa suka fitar da bayanin wannan hanya a shekarar 1958, bayan sun gwada na'urar da maƙeran masana'antu ke neman tsaguwa a jikin ƙarfe da ita. Kun ga ke nan an haura shekara 60 ana amfani da ita, kuma ba a same ta da cutar da uwa ko ɗa ba in ƙwararre ne ya riƙe ta. Daban take da hoton ƙashi da ake yi wa wanda ya karye. Wancan haske ne mai ratsa jiki, ana kaffa-kaffa da shi ga mai ciki. Wannan kuwa sauti ne kawai. Maganar da ake yi wai yana ƙona yaro, ko yana sa ɓari, ko yana ƙafar da ruwan mahaifa, duk ba ta da tushe.

Yadda ake yi ba wuya. In cikin ƙarami ne, akan ce mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana sa a ga mahaifa da kyau. Sai ta kwanta, a shafa mata wani mai mai sanyi a mara, a riƙa goga kan na'urar a hankali. Ba allura, ba yanka, kuma da wuya ya wuce rabin awa. Wani lokaci, in cikin bai kai wata biyu ba, sai an duba ta gaba kafin a gani sosai. Mace tana da damar ta nemi 'yar'uwarta mace ta duba ta in akwai, ko ta shiga da wata tata. Ku tambaya, ba laifi ba ne.

To, me ake gani? Na farko, ana tabbatar da cewa ciki ne, kuma yana da rai. Wajen mako na 5 ake fara hango 'yar jakar da ɗan tayi yake ciki, daga mako na 6 zuwa na 7 a ga zuciya tana bugawa, alhali duk tsawonsa bai wuce ƙwayar wake ba. A nan za mu taɓo abin da muke kira kwanciyar ciki. Mace ta daina ganin al'ada, ta yi laulayi, sai kuma shiru, a ce ciki ya kwanta, a yi ta jiƙe-jiƙe shekara ɗaya, shekara biyu, ana jiran ya tashi. Sau da yawa in aka duba akan tarar ɗan tayin ya daɗe da rasuwa bai fita ba, ko ƙari ne ya fito a mahaifa, ko kuwa wata matsala ce ta tsayar da al'ada babu cikin sam. Akwai ma wani irin ciki da ba yaro a cikinsa, sai 'yan ƙulle-ƙullen ruwa kamar nunannun inabi, wanda in ba a wanke shi ba yakan jawo zubar jini, wani lokaci ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa magani, kuma duba guda ya isa ya raba gardama. Gani ya kori ji.

Na biyu, ana ganin inda cikin ya zauna. Jama'a, in kun manta da komai kada ku manta da wannan. A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu sukan zauna a wajen mahaifa, galibi a siririyar hanyar da ƙwai ke bi. Wannan hanya ba ta iya ɗaukar yaro. Yana girma sai ta fashe, yawanci kafin cikin ya cika wata uku, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Mace tana tsaye tana daka, sai ciwon mara ta gefe ɗaya, sai jiri, sai ta faɗi, tafin hannunta ya yi fari fat. Mu kuma mu ce iska ce, mu kawo turare. Duk macen da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwo mai tsanani a gefen mara, ko tana ganin ɗigon jini, ko ciwo a kafaɗa tare da jiri, to a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. In an gano shi kafin ya fashe, aikin ƙarami ne, kuma mata da yawa sun ci gaba da haihuwa bayansa.

Na uku, lissafin kwanaki. Likitoci suna ƙirga mako 40 ne, wato kwana 280, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Matanmu da yawa da watan sama suke lissafi, wata kuma kwanika ta yi, ciki ya shiga tana goyo ba ta ko ga jini ba, ina za ta san ranar? A watanni ukun farko 'ya'yan tayi kusan girmansu ɗaya ne, saboda haka in aka auna daga kai zuwa mazaunai ana samun kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. In aka bari sai wata na bakwai ko na takwas, kuskuren yakan kai mako uku. Kada a raina wannan. Da shi ake sanin lokacin fara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ba a ba da shi sai ciki ya shiga mako na 13. Da shi ake gane naƙudar da ta zo da wuri, a shirya wa bakwaini. Da shi kuma ake gane cikin da ya zarce lokacinsa, a taimaka kafin yaro ya galabaita. Amma fa ranar da aka rubuta ƙiyasi ce, kaɗan ne suke haihuwa a ranar daidai. Kada maigida ya ce likita ya yi ƙarya don an gota da kwana biyar.

Na huɗu, yawan 'ya'ya. Tagwaye ne ko 'yan uku, kuma mabiyiya ɗaya suke ci ko kowa da tasa? Farkon ciki ne lokacin da aka fi gane wannan. Tagwayen da suka haɗa mabiyiya sun fi buƙatar sa ido, domin ɗaya yakan ƙwace wa ɗaya jini. Mai tagwaye kuma ta fi kusa da ƙarancin jini da hawan jini da haihuwa kafin lokaci, saboda haka asibiti ya kamata ta haihu.

Na biyar, halittar yaro. Tsakanin mako na 11 da na 14, tsawon ɗan tayi ya kai kamar ɗan yatsa, kai da hannuwa da ƙafafu duk sun fito. A lokacin ana iya ganin manyan matsaloli, kamar ƙoƙon kai da bai rufe ba, ko kayan ciki da suka tsaya a waje. Ana kuma auna wani ɗan ruwa da ke ƙeyarsa. In ya yi kauri, yana iya zama alamar ciwon zuciya ko lalurar nan da ake kira Down, da sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866, wadda ta fi yawa ga 'ya'yan matan da suka haura shekara 35. Alama ce kawai, sai an ƙara bincike, kuma yara da yawa masu wannan alama lafiya lau ake haifarsu. Tsakanin mako na 18 da na 22 kuma ake duba zuciya da ƙoda da ƙashin baya da leɓe dalla-dalla, a ga ko ruwa na taruwa a kai, a kuma duba ko mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa.

Wani zai ce, to in an gani me za a yi, ai abin da Allah Ya yi Ya yi. Gaskiya ne. Amma yaron da za a haifa da buɗaɗɗen baya ko hanji a waje, sa'o'in farko su ne rayuwarsa. In an sani tun da wuri, sai a shirya haihuwa a babban asibiti, kamar Asibitin Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Jalingo, su kuma in aikin ya fi ƙarfinsu su tura gaba da takarda. Wannan ya fi a haihu a ɗaki da dare, gari ya waye ana neman mota da jariri a zane. Sannan muna roƙo, in haka ta faru kada a ɗora wa mace laifi, kada a zargi kishiya ko maƙwabciya. Wasu daga cikin waɗannan matsaloli ma ana iya rage su. Laka da ƙwaƙwalwar yaro suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. 'Yar ƙwayar nan ta folik asid da ake bayarwa wajen awo, in ana shan ta kullum tun kafin a ɗauki ciki har ya cika wata uku, tana rage buɗewar baya da ta kai ƙwarai. Mai ciwon suga da mai shan maganin farfaɗiya su ga likita kafin ciki, kada su daina magani da kansu. A kuma guji sayen ƙwayoyi barkatai a kemis ko wajen 'yan talla.

Mun san wasu suna ɗari-ɗari, suna ganin kamar shiga hurumin Ubangiji ne. Ga malamanmu nan a zaune, su ne masu ƙarin bayani. Abin da mu za mu ce shi ne, na'ura tana ganin abin da aka riga aka halitta ne, kamar yadda ungozoma ke shafa ciki ta ce yaro ya juya. Ba ta san arzikinsa ba, ba ta san ajalinsa ba, ba ta san ko wane irin mutum zai zama ba. Ko namiji ne ko mace ma ba a cika ganewa ba sai ciki ya wuce wata huɗu, kuma akan yi kuskure. Don Allah kada a kashe kuɗi a kan wannan kaɗai, kuma kada a ɓata wa mace rai don an ce mace ce.

Ita ma na'urar tana da iyakarta. Ba kowace matsala take gani ba. Ba ta nuna amosanin jini, wato sikila, wannan sai gwajin jinin ma'aurata, wanda ya fi kyau a yi kafin aure. Ba ta auna hawan jinin da ke kawo jijjiga, ba ta kuma maye gurbin gwajin jini da fitsari da allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Sannan hoto ba magani ba ne. Kada a karɓo takarda a sa ƙarƙashin katifa, a mayar wa ma'aikaciyar awo ko likita su karanta. A kuma lura da inda ake zuwa, domin ba duk mai na'ura ne ya koyi aikin ba. Ku bi wurin da asibiti ya tura ku.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24, ta je awo sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Babban abin da ke hana mu cika wannan shi ne kunya da ɓoyon ciki, musamman na fari. Yarinya ba ta faɗa, uwar miji ta gani ta yi shiru, sai an zo tafiya goyon ciki a wata na bakwai sannan a tuna da asibiti. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Ba sai an yi shela ba, miji da uwa ɗaya sun isa su sani, ma'aikatan lafiya kuma an ɗora musu riƙe sirri.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara uku gaban wannan taro. Kowane magidanci, da zarar iyalinsa ta yi ɓatan wata biyu, ya kai ta awo ya kuma tanadi kuɗin hoto, kamar yadda yake tanadin ragon suna. Ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin wata-wata don rancen gaggawa ga wanda abin ya zo masa hannu babu komai. Direbobinmu da 'yan acaɓa kuma su ba da sunayen waɗanda za a iya tasa da dare, domin daga nan zuwa Jalingo ba ta kai tafiyar awa guda ba in mota ta samu. Ungozomanmu, ku ne mata suka fi sakin jiki da ku, ku riƙa tura su da wuri.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mai tambaya yana iya ɗaga hannu, iyayenmu mata kuma da ba sa son magana cikin taro, 'yan'uwansu mata na kwamiti za su zauna da su bayan an tashi.