Wane Ne Wannan? Hanyoyin Gane Tsohon Ɗan Ƙwallo a Hoton Da



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tsofaffin hotunan 'yan ƙwallo waɗanda akan tarar a shagunan teloli da ɗakunan dattawa a Fagge da Sabon Gari, da kuma yadda za a gane mutumin da ke cikin irin wannan hoto bayan sunansa ya ɓace. Wani zai ce, ina ruwan malamin Hausa da tamaula? Amsa ita ce hoto bebe ne. Sunan mai shi yana bakin mutane, abin da ke bakin mutane kuwa shi ne fagen nazarinmu.

Wannan bincike ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Kanada, inda ake wasan hoki a kan ƙanƙara, idan aka ga mai tsaron gida sanye da abin kāre fuska, an san da wuya hoton ya girmi 1959, watau shekarar da Jacques Plante na ƙungiyar Montreal ya soma sa shi a kai a kai. Daga nan sai a nemi lambar rigarsa a rajista. Mu kuwa takardunmu kaɗan ne, saboda haka tilas mu haɗa shaidu iri-iri.

Bari mu tuna abin da muke gudun ya salwanta. An soma gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyoyin Ikko suka yi ta cinye shi har 1953, lokacin da 'yan wasan Kano suka doke Dynamos da ci 2 da 1. Su ne suka fara fitar da kofin daga Ikko. A watan Mayu na wannan shekara ne kuma aka zub da jini tsakanin Fagge da Sabon Gari. A 1966 dubban mazauna Sabon Gari suka bar Kano, sunaye da yawa suka tafi tare da su. Hotunan da suka rage shaida ne cewa unguwannin nan biyu sun haɗu a filin wasa, ba a fagen faɗa kaɗai ba.

Shaida ta farko tana bayan hoto, inda mai hoto kan buga hatiminsa. In an rubuta farashi da sule, hoton ya riga Naira, wadda ta fito a 1973. In hatimin ya ce Jihar Kano, to, bai girmi 1967 ba.

Ta biyu tana cikin hoton. A dubi ƙafa, domin ko 'yan wasan Nijeriya da suka ziyarci Ingila a 1949 yawancinsu ba takalmi suka yi wasa. A dubi ƙwallo: ta fata mai ɗinkin igiya ta da ce, mai zanen baƙi da fari kuwa ba ta yaɗu ba sai bayan gasar duniya ta 1970. Tuta mai kore da fari ba ta hau sanda ba sai 1960. Riga da bajo su ke nuna ƙungiya, alal misali Raccah Rovers, zakarun Nijeriya na 1978, ko Kano Pillars wadda aka kafa a 1990.

Ta uku ita ce jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a 1939, New Nigerian kuma a 1966. In an yi dace, a ciki za a sami ranar wasa da jerin sunaye. Amma fa jerin sunaye ba ya cewa ga fuskar wane.

Nan ne shaida ta huɗu ke shigowa, watau dattawa, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. 'Yan kallo da laƙabi suka san ɗan wasa. Teslim Balogun ma da Thunder aka fi saninsa. Dattijo zai ce maka wannan Dogo ne, wancan Ɗanjuma, alhali kuwa kowace unguwa da nata Dogon. Saboda haka a tambayi laƙabi, da sunan yanka, da unguwa, da sana'a, da gurbin da mutum yake bugawa. Kada mai bincike ya fara ambaton suna, domin kunya takan sa dattijo ya amsa abin da bai tabbatar ba. A tambayi mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai. Tsagar fuska asali take nunawa, ba suna ba. In ɗa ya ce ubansa ne don sun yi kama, a saurare shi da ladabi, amma a tuna kama da wane ba ta wane.

A ƙarshe, ga roƙona. Waɗanda suka yi wasa a 1978 sun manyanta, na 1953 kuwa sai ɗai-ɗai in an samu. Duk mai irin wannan hoto ya kai shi gaban dattawa tun suna raye. Ya rubuta sunaye da fensir a bayansa, daga hagu zuwa dama, tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, sa'an nan ya kai kwafi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Wurin da aka yi shakka a bar shi fili, gama sunan ƙarya ya fi rashin suna ɓarna.