Dam ɗin Challawa: Wuta da Amanar Jama'a



Mu 'yan Gwarzo da Kabo maƙwabtan dam ɗin Challawa ne, wanda aka gama a ƙasar Ƙaraye cikin 1992, daga baya Gwamnatin Kano ta ɗauko aikin kafa masa injinan lantarki. Muna maraba da wuta, amma tilas mu yi tambayoyi uku.

Ta farko, bangon nan na ƙasa ne. Wa ke duba tsagewa da yoyo? Na Bagauda ya ɓalle a 1988, ruwan Alau kuma ya ci Maiduguri a 2024. Ta biyu, inji kullum ruwa yake so, alhali fadamun Haɗeja da Nguru ambaliyar damina suke bukata, sakin ruwa da rani kuwa shi ya yaɗa kachala. Wa zai raba gardama? Ta uku, kwantaccen ruwa gidan sauro ne da tsargiya. Ina tanadin magani?

Saboda haka muna kira ga hukuma, injiniyoyi su duba bango kafin kowace damina, a kuma sanar da dagatai kafin a buɗe ƙofofin ruwa. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya kiyaye mu, amin.