Ba Kowa Ke Jin Hon Ba



Masu sauraro, yau maganarmu a kan kurame ce, da haɗarin titi.

Ku duba bakin Kantin Kwari a Kano da yamma. Ɗan adaidaita sahu ya taho ta baya, ya danna hon, ya ɗauka ya fita haƙƙi. Mutumin da ke gabansa bai waiwayo ba. Bai ji ba ne, jama'a, bai ji ba.

Direba, in ka yi hon ba a kauce ba, taka birki.

Ku kuma masu ɗan'uwa kurma, wannan shirin ba zai kai kunnensa ba. Ku isar masa da maganar hannu: ya riƙa bin gefen da zai fuskanci motoci, yana ganinsu tun daga nesa.

Allah Ya tsare mu. Sai an jima.