Jawabi a Kan Zaman Saƙarmu

Shugabar ƙungiya, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, an ce in yi bayani a kan zaman saƙar leshi da wasunmu ke yi kowace Asabar.

Leshin kasuwa aikin inji ne. Tun shekarun 1960 ake kawo shi Nijeriya daga garin Lustenau na Ostiriya. Namu kuwa na hannu ne, da kwarashi da zaren auduga, yadda aka koya mana a ajin ɗinki.

Tambayoyinmu kullum su ke nan. "Yaya, me ya sa shimfiɗar teburina ta yi kwano?" Sarƙar zagayen ta yi kaɗan, a ƙara. "Anti, bakin fa yana tattarewa." Ta yi yawa, a rage. Zare mai lamba 20 ya fi mai lamba 10 siranta, sai ƙaramin kwarashi.

A cikin wannan hira muke jin wadda ke kwance asibiti, da wadda aka yi wa rasuwa, mu tashi mu je.

To amma idanunmu sun fara gajiya, kuma babu yarinya ko ɗaya a cikinmu. Don Allah kowace ta zo da 'yarta ko jikarta, kada abin ya ƙare a hannunmu.

Allah ya bar zumunci.