Ƙwayar sola daga zoɓo: abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa

Na san da yawa cikinku sun ga bidiyon nan da ke yawo a Facebook da TikTok: mutum ya ɗauki tsohon faifan CD, ya nannaɗe shi da wayar jan ƙarfe, ya kai rana, sai ga fanka tana juyawa. Ƙarya ce. Faifan CD roba ne da ɗan fatar alminiyom, ba abin da ke cikinsa da ke mai da hasken rana kuran. In fanka ta juya, to akwai batir a ɓoye.

Amma akwai ƙwayar sola ta gaskiya da ake haɗawa da hannu, kuma zoɓon da muke sha a Maraɗi da Damagaram yana cikin kayan haɗinta. Sunanta ƙwayar Grätzel. Michael Grätzel da Brian O'Regan ne suka bayyana ta a 1991, daga Lozan ta ƙasar Suwis. Dabarar daga ganye suka ɗauko ta: launi ya kama haske, wani abu daban ya kwashe lantarkin da hasken ya tayar.

Ga yadda ake yi. Ana samun gilashi biyu ƙanana masu fuska ɗaya da ke wuce da kuran. A nan gizo ke saƙa, don gilashin taga ba ya yi, kuma ba za ku same shi a kasuwa ba, sai an yi odarsa. Kenan ko maganar "kayan gida" da gyara a cikinta. Sai farin garin da ake kira titaniyom diyoksid, wanda shi ke faranta fenti da wasu man goge baki. A kwaɓa shi da ɗigon binegar ya yi kamar kunu, a shafa siriri bisa gilashi guda, a gasa kamar minti 30 a zafin da ya kai digiri 450, a bar shi ya huce sannu don kar ya tsage. Daga nan a tsoma shi cikin ruwan zoɓo mai kauri, ba sukari, har farin ya rine. Gilashi na biyu a riƙa gilma shi bisa harshen kyandir har ya yi baƙi da hayaƙi. A haɗa fuskokin biyu, a gocar da su kaɗan don a samu wurin maƙala waya, a matse da maƙalin takarda, a ɗiga ruwan aidin irin Lugol a tsakani.

Me ke faruwa ciki? Jan launin zoɓo, antosiyanin, ya sha haske ya saki lantarki. Farin garin ya karɓa ya miƙa wa gilashi, lantarkin ya bi waya ya zagayo ta gefen baƙin hayaƙi, aidin ya mayar da shi ga launin. Haka abin ke ta zagayawa muddin da rana.

To nawa take bayarwa? Ku sa ma'aunin kuran, wanda masu gyaran rediyo ke kira miltimita: za ku ga kusan bolt 0,4, ƙarfin gudun kuwa da ƙyar ya kai miliampa ɗaya. Talho na son bolt 5 da kusan ampa guda. Ku yi lissafi da kanku. Ga shi launin yana kodewa, ruwan aidin na bushewa, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Wanda ya ce muku da wannan za a haska unguwa, yaudararku yake.

Wani zai ce, to don me wahalar? Tun da Najeriya ta yanke layin kuran a watan Agustan 2023, kowa ya ga yadda pano ya cika kasuwa, mai kyau da marar kyau, kuma yawancinmu sayen makaho muke yi. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar ilimin rana ba ce. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL yana ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana tun kafin a haifi iyayen wasunku. Ya rasu a 1991, shekarar da ƙwayar Grätzel ta fito.

Yaron da ya haɗa ƙwayar zoɓo da hannunsa ya gane abu guda da dillali ba ya son ku gane: bolt daban, ampa daban. Ƙwayarmu ma tana nuna bolt alhali ba ta da ƙarfi, haka shi ma pano na jabu. Saboda haka in za ku sayi pano, kar ku yarda a gwada muku bolt kaɗai. Pano mai wat 100 na batir 12, in an kai shi rana tsaka, ya kamata ya nuna bolt 21 zuwa 22, ampa kuma wajen 5 zuwa 6. Ku duba takardar da ke manne a bayansa, ku ce a juya ma'auni zuwa ampa a gabanku. In ya tsaya a 2 ko 3 rana na tsakiyar ka, ku ajiye shi ku wuce shago na gaba.