Jerin Itatuwa da Suturar Gida a Banifandou

 

Tun da gidajen bene suka yawaita a Yamai, har a unguwanni irin Banifandou, katangar da magabata suka wadatu da ita ta daina wadatarwa, domin wanda ya tsaya a barandar sama yana ganin tsakar gidan maƙwabcinsa har inda mata ke daka da shanya, ko da kuwa bai yi nufin leƙe ba. Fuƙaha'un Malikiyya ba su yi shiru a kan wannan ba, ga Ibn Abi Zaidi a cikin Risala ya lissafa buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci cikin cutarwar da shari'a ta hana. Sai dai hukunci yana cikin littafi, bene kuwa ya riga ya tsaya, kuma talakan da ba shi da halin ƙara tsawon katanga ba ya rasa dabara muddin yana da ƙasa, da ɗan ruwa, da haƙurin shekara uku ko huɗu.

Dabarar ita ce dasa itatuwa, kuma garin nan ba baƙo ba ne ga wannan aiki. A shekarar 1965 aka soma dasa gandun da ya kewaye Yamai domin kare ta daga iska da ƙura, mafi yawansa dogon yaro, wanda wasunmu ke kira bedi. A 1975 kuma aka fara jera shi layi-layi a kwarin Majiya ta jihar Tawa domin tsare gero daga iska. Abin da ya rage na gandun Yamai, bayan gine-gine da juji sun ci rabonsu, ya isa hujja cewa wannan itace, da asalinsa ƙasar Indiya ne, ya karɓi ƙasarmu.

Sharaɗin farko wajen zaɓen itacen da zai suturta gida shi ne ganyen ya tsaya a lokacin da ake bukatarsa. Aguwa da cin-da-zugu, waɗanda manoma ke shinge da su, sukan tuɓe tsirara da rani, daidai lokacin da zafi ke fitar da iyali kwana a waje. Gawo kuwa, duk albarkarsa a gona, da damina yake zubar da nasa. Saura dogon yaro, da mangwaro ga mai rijiya ko famfo, da lemun tsami da lalle ga mai son shinge gajere mai kauri. Ni dai ban ga hikimar dasa itacen turare a ƙaramin gida ba, saboda yana miƙewa sama ya bar ƙasansa fayau, ga shan ruwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne manna dashe da katanga. Dogon yaro yana da saiwa mai ƙarfi, wadda idan ta sami laimar salga ko kwatami za ta bi ta, ta ɗaga daɓe, ta tsaga gini, har a wayi gari abin da aka dasa domin zaman lafiya ya kai maƙwabta gaban mai unguwa. A bar tazarar mita uku daga bango, da kamar haka tsakanin itace da ɗan'uwansa, a kauce wa wayar lantarki, idan kuma kansa ya haura katanga a datse shi domin ya yi rassa a gefe, tun da katanga ta riga ta rufe ƙasa, sama ake nema. Reshen da ya tsallaka gidan wani, haƙƙinsa ne ya nemi a sare, kuma kyautatawa ita ce a sare tun bai nema ba.

Lokacin dashe shi ne tsakiyar damina, bayan ƙasa ta sha, abin da ya sa ranar 3 ga Agusta, da ƙasar nan ke haɗa bikin samun mulkin kai da dashen itace, ta dace ƙwarai. Amma ba ranar dashe ake rasa itace ba, a watan Afrilu ne, sa'ad da awaki suka ga ɗanyen ganye guda a duk layin; a kewaye shi da bulo ko ƙaya, a riƙa juye masa ruwan alwala safe da yamma har ya ga damina ta biyu.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai shi ne su sanya maganar nan cikin sulhun da suke yi tsakanin mai bene da maƙwabcinsa, a ɗora wa mai bene sayen dashen da shayar da shi, tun da daga wajensa matsalar ta taso.